Yadda Za Ka Karanci Kiɗa, Baba Yana Zaton Ƙidaya Ce

Kai da ranka ke son kiɗa, gidanku kuwa ko fito ka yi sai an tambaye ka lafiya, matso kusa. An gwada hanyar nan, ta yi aiki shekara huɗu cur ba minti goma. Wanda ya gwada ta ɗan layinmu ne, Tsinke muke ce masa don ramarsa. Bi sawunsa, digiri sai dai in ba a buga shi ba.

Mataki na 1: Samu uba mai nauyin kunne

In naka yana jin faɗuwar allura, ajiye takardar nan ka tafi karatun lauya. Baban Tsinke mai walda ne, shekara talatin guduma da injin yankan ƙarfe suna cin kunnensa. Ranar da jami'a ta ɗauki Tsinke, sai da ya daidaici lokacin aiki sannan ya buga waya.

"Me suka ba ka?" in ji Baba.

"Kiɗa, Baba."

"Ƙidaya? Masha Allah! Gwamnati ba ta rabuwa da masu ƙidaya."

Tsinke ya buɗe baki zai gyara, sai ya tuna Baba ya sha cewa makaɗi maroƙi ne mai kayan aiki. Ya fasa, ya ce, "Amin." Lura da kyau, yaron bai yi ƙarya ba. Kunne ya bari ya yi masa.

Mataki na 2: Zaɓi fannin da ba ya ƙara

Fanni huɗu ne a sashen. Akwai tarihin kiɗa, wanda za ka gama ba ka taɓa ko gwangwani ba. Akwai koyarwa. Akwai tsara waƙa, inda ake ta ɗige-ɗige a kan layi biyar, daga nesa sak lissafi. Mai hankali nan zai fake. Tsinke kuwa, da yake wanda ya yi nisa ba ya jin kira, ya ɗauki na huɗu, wato wasa da jita a gaban jama'a, don kawai wata Farfesa ta ce masa a gwajin shiga yatsunsa suna da gaskiya. Yabo ɗaya ya kai shi ya baro.

Mataki na 3: Ba wa jitar wani suna

In ka zo hutu da akwatinta, kayan awo ne. Goggonsa ta zagaya shi sau biyu ta ce, "Kai Tsinke, wane irin ma'auni ne mai ƙugu haka?"

"Na awon jama'a ne, Goggo."

Awa huɗu ake so ka yi atisaye kullum, hutu ko ba hutu. Sai Tsinke ya cusa safa ƙarƙashin tsirkiya don kashe ƙara, ya kulle ɗaki, yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wata rana ya manta sakata, da ƙyar ya tura jitar ƙarƙashin gado kafin Baba ya leƙo.

"Shekara biyu, har yanzu a huɗu kuke?"

"Tushe ake ginawa, Baba."

Baba ya dubi kantar da ke kan yatsunsa, ya ja ƙofa ya fita.

Mataki na 4: Guji jama'a

Kowace waya maƙiyiyarka ce. Tsinke bai taɓa zuwa wasan ɗan ajinsu ba, kada a ɗauki hoto ya faɗa hannun dangi. A ƙungiyar mawaƙa, wadda dole ce, bayan wani ƙato yake tsayawa. Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake. Kai dai naɗe taka.

Mataki na 5: Kada ka karanta ƙa'idar wasan fita sai saura kwana uku

Karanta ta da wuri hawan jini ne kawai. Ga abin da ta ce: minti arba'in da ka, ba takarda, a gaban alƙalai uku, da aƙalla mutum ashirin a zaune. In ba su cika ba, babu wasa, sai baɗi. Baɗi kuma sai ka bayyana wa Baba yadda aka yi ƙidaya ta ƙi ƙarewa.

Tsinke ya bazama neman 'yan kallo. 'Yan ajinsu suka ce, "Mu da ba ka san hanyar wasanmu ba?" Ya bi masu shara, da masu gadi, da matar da ke buga takardu, yana roƙo. Ashe dai Baba bai yi ƙarya ba a kan makaɗi.

Mataki na 6: Ƙirga

Kujera ɗari biyu a zauren, fanka ɗaya tana kuka. Farfesa ta miƙe ta ƙirga da bironta.

"Sha uku. Na ba ka minti goma."

Tsinke ya zauna da jita a cinya, gumi har cikin takalmi. A minti na takwas ƙofa ta buɗe. Maza bakwai suka shigo da kayan aiki duk ƙunar tartsatsi, masu waldar layinmu kaf, Baba a gaba da baƙin tabarau a goshi. Ya ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa:

"Kai mai ƙidaya! Ƙirga mu."

Ashirin cif. Tsinke ya shiga kaɗawa. Baba yana layin farko ya karkato da kai, tafin hannu a bayan kunne, har aka gama.

A waje kunya ta hana Tsinke ɗaga ido. "Baba, wa ya faɗa maka?"

"Ƙofar zauren nan ni na gyara ta makon jiya, ga hotonka manne a jiki. Kiɗan kuwa tun a waya na ji ka sarai. Na gwada ka ne, in ga ko za ka tsaya wa abinka, sai ka ce mini amin."

"Ya ka ji wasan?"

"Na ga yatsu suna ta aiki. Da tun shekarar farko ka kira ni, lokacin kunnen da saura."

Gargaɗi

Digiri muka yi alkawari, kuma Tsinke ya samu, da daraja ta ɗaya ma. Duk abin da ka yi asara a hanya, mu babu ruwanmu. Kada wanda ya zo mana da ƙorafi, mu ma kunnenmu ya yi nauyi.