Rasuwar Masinja, Mai Kai Labarin Baba Yana Raye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da ƙafafu biyu daram a ƙasa, Baba Mai Agogo na sanar da 'yan uwa da maƙwabtan shago rasuwar Masinja, ɗan shirin kwamfutar nan mai layi goma sha huɗu da ke zaune cikin tsohuwar kwamfutar bayan kanta. Ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya. Baba bai yi boko ba, bai kuma taɓa jin ya yi asara ba. Da bakinsa ya faɗi wannan, 'yarsa Injiniya ta rubuta.

Ita ce ta ƙirƙiri marigayin, shekarar da Baba ya fito daga tiyata ta biyu, bayan likitoci sun haɗa kai sun ce sai dai addu'a. Biyu cikinsu Baba ya je musu gaisuwar mutuwa daga baya. Aikin Masinja ɗaya ne. Kowace safiya ƙarfe bakwai Baba zai buɗe shago, ya wana agogunan mutane, ya danna maɓallin da aka ɗiga wa jan fenti. Sai imel ya tafi wa 'ya'yansa shida, kowa a inda yake, cewa tsoho ya tashi lafiya. Marigayin ya ce "tit", shi ke nan. Bai taɓa makara ba, bai taɓa ƙara gishiri ba.

Halinsa halin mai gidansa ne. Idan ya isa gidan wasiƙa ba ya tsayawa gabatar da kansa. Miƙa saƙo yake ya juyo, kamar yadda Baba ke ratsa ƙofar asibiti ba wanda ya isa ya tambaye shi kati.

Ciwon ajali ya same shi ranar Litinin. Gidan wasiƙa suka sa sabon mai gadi, wanda ba ya sanin fuskar kowa. Duk wanda ya zo, sai ya miƙa masa wasu haruffa da lambobi, sababbi kowane zuwa, shi kuma baƙon ya cakuɗa su da kalmar sirrinsa ya mayar da amsa, ba tare da ya furta sirrin ba. Injiniya ta ce don ɓarayin saƙo aka yi. Masinja kuwa ba a taɓa yi masa tambaya ba tun da aka haife shi. Ya miƙa saƙo yadda ya saba, aka koro shi. Maimakon "tit" sai ya ce "ɓuu". Baba ya ɗauka mura ce, ya goge shi da tsumma, ya ci gaba da danna jan maɓalli har kwana uku. Wayar Baba kuma, kowa ya sani, a aljihun tebur take kwana a kashe.

Ba saƙo, ba waya, 'ya'ya suka ɗauka Baba ya cika. Ranar Alhamis da hantsi babban ɗa ya faɗo shago ido jajur, ƙannensa biyar a baya, har da wadda ta yi kwana biyu a mota da goyo. Suka tarar da mamacin nasu da tabarau a ido ɗaya yana zare wa wani agogo ƙusa. Baba ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Shekara tara rabon da ya gan su duka a ɗaki guda.

Marigayin ya bar Baba, wanda ya riga ya binne babura biyu da rediyo huɗu. Ya bar jan maɓalli, da firinta da ta daɗe tana jinya, da magajinsa da Injiniya ta ƙirƙira, mai layi ashirin da biyu, wanda ya iya amsa tambaya cikin ladabi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar ƙarfe goma a shagon. Injiniya za ta kwafe shi cikin filashin kwamfuta, a sa a gwangwanin ƙananan ƙusoshi. Waɗanda suka zo makokin Baba kada su ce sun yi tafiyar banza, su zauna a yi da su. Baba kuma ya roƙi Injiniya alfarma ɗaya game da magajin: kada ta cika masa lafiya. Ya riƙa ɗan kwanciya, ko sau ɗaya a shekara.