Cindo da Motar da ke Yoyon Baƙin Mai

A ƙauyen Tsamiyar Kwari an yi wani mutum mai suna Cindo, magidanci ne har da furfura a gemu. Gida ɗaya suke da matarsa Tabawa da yayansa Jatau, mai tsohuwar a-kori-kura. Ita kaɗai ce motar da ke fitar da tumatirin garin zuwa kasuwa. Cindo ba ya ƙiwuya, ba ya ƙarya, sai dai duk abin da ka faɗa masa, yadda ya fito daga bakinka haka zai aikata.

Wata rana, ana gab da tsinkar tumatir, motar ta fara yoyon baƙin mai ta gefen murfin kan inji. Jatau zai tafi kiran makanike, ya ce wa Cindo kada ya bari man ya zuba a ƙasa. Cindo ya shiga gida ya kwaso kwanukan Tabawa ya jera a ƙarƙashin mota, har da tukunyar miya. Ranar a faifai aka ci tuwo, miya kuwa sai maƙwabta suka taimaka.

Wata rana kuma Sallau makanike ya zo. Ya tayar da motar ya ga inda man ke tsattsafowa, ya ce robar da ke tsakanin murfin da injin ce ta mutu, sai an sa sabuwa. Ya kashe, ya ce a bar injin ya huce tukuna, ya tafi masallaci. Da ya dawo sai ya tarar da Cindo durƙushe gaban mota, ya cire hula.

"Yi haƙuri," in ji Cindo, "in Yaya ne ya ɓata maka rai, ni na roƙa masa."

Sallau ya taɓa injin ya ji ya yi sanyi. Cindo ya ce ai tun roƙo na biyu ya ga alamar saukowa.

Can da aka fara kwance notuna, Sallau ya laluba jakarsa bai ga abin da yake nema ba, ya ce wa Cindo ya samo masa sifana goma. Cindo ya bi masu faci da masu injin niƙa har ƙauyen gaba. Sai bayan la'asar ya dawo da tara a buhu, yana ba da haƙuri saura ɗaya. Allah ya taimaka akwai mai lamba goma a ciki.

Wata rana, ranar kasuwa ke nan, Sallau ya kankare tsohuwar robar, ya zaunar da sabuwa, ya ɗaure murfin. Jatau ya miƙa wa Cindo makullin motar ya ce kada ya ba kowa, ya tafi fadama. Kafin ya dawo Sallau ya hau babur ya fita. Aka loda kwanduna, rana na ƙara zafi, manoma na tsoron tumatir ya narke. Jatau ya ce a ba shi makulli. Cindo ya ƙi.

"Ni ne fa na ba ka."

"Ka ce kowa, Yaya. Kai kuwa ba zan iya cewa kai ba kowa ba ne."

Aka yi lallashi, aka yi faɗa, Cindo ya cusa makulli a hula ya zauna a kai. Ana haka sai ga Sallau da galan. Ashe ya tsiyaye tsohon man gaba ɗaya, ya tafi sayo sabo bai faɗa wa kowa ba. Ya ce da an murza makullin nan, kafin a kai kwalta injin ya ƙone, tumatir ya ruɓe a hanya.

Aka zuba mai. Jatau ya share gumi, ya durƙusa kusa da ƙaninsa a gaban jama'a.

"To na yarda, Cindo. Ni ba kowa ba ne."

Cindo ya ɗaga hula ya miƙa masa. Motar ta tashi, murfi a bushe, ko ɗigo babu, suka ɗauki hanyar kasuwa da Cindo a gidan gaba.