Kwamfutar da Ta Haddace Sunan Ila

"Ni da kwamfuta ai sai dai a yi shiru," in ji Ila, yana buga ƙirji. "Ko a Legas ta hango ni, sai ta gane ni!"

Kada ka ruɗu, abokina. Ila masinja ne a shagon buga takardu na Madam Hannatu da ke Badarawa, kuma iyakar iliminsa na kwamfuta goge mata ƙura. Ran da aka kawo ta ma Madam ta kafa doka: ban da Bulus mai buga takardu, duk wanda ya taɓa ta a bakin aikinsa.

Wata rana da azahar shago ya rage sai gogan naka, sai ga Asabe mai shinkafa da wake, wadda ya daɗe yana yi wa kwalliya ba ta ko kallonsa.

"Injiniya, yau dai nuna mini aikin naka," ta ce.

Kan Ila ya kumbura. Ya hau kujerar Bulus, ya buɗe foldar Madam, ma'ajiyar takardunta a cikin kwamfutar, yadda ya saba leƙe ana yi. Ga 'yan hotunan fayil nan a jere reras. Ya dinga jan su ɗaya-ɗaya, gumi na zuba, har ya tsara su suka ba da manyan haruffa: ILA.

"Kai! Ashe da gaske ne!" in ji Asabe, ta tafi tana waige.

Sai ƙarar motar Madam. Ila ya rufe folda, ya kashe na'ura, ya ɗauki tsumma. A tunanin sarkin wayo, kashewa tamkar goge allo ce. Bai san folda tana riƙe yadda aka bar ta ba, ko bayan shekara aka dawo.

Madam ta shigo da Bulus a baya. "Buɗe mini foldata."

Aka buɗe. ILA, ɓaro-ɓaro, daga wannan gefe zuwa wancan.

Ila ya yi wuf ya ce: "Ranki ya daɗe, zafi ne ya taɓa mata kai. A kashe a kunna."

Aka kashe aka kunna. ILA.

Ya sunkuya kamar mai neman tsintsiya, ya fizge waya daga bango. "Kash, an ɗauke wuta!"

Madam ta ɗaga kai ta dubi fanka tana ta juyi abinta. Bulus ya mayar da waya. ILA.

"To wallahi cutar kwamfuta ce, Madam! Irin ta Legas. Ta gama gari."

"Cutar ce ta san sunanka?"

"Ai Ila da yawa a Kaduna! Akwai na Kurmin Mashi ma, mai faci."

Ana haka sai ga Asabe ta dawo ɗaukar kwanon abincin da ta bari. Ta leƙa, ta tafa hannu.

"Lah, Injiniya, har yanzu sunan naka bai goge ba! Madam, da kin ga yadda ya sha wahala kafin ya haɗa harafin ƙarshen nan."

Ila ya nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ƙi.

"Madam, a duba shekarun da na yi a nan," ya ce. "Haka za a manta da ni?"

Madam ta karɓe tsumman daga hannunsa, ta nuna masa ƙofa.

"Je ka, Injiniya, kwantar da hankalinka. Ko mu mun manta da kai, ita ba za ta manta ba."