Ramin Layinmu da Kwamfuta Ta Cike

Ranar Litinin da safe ina tsaye tsakiyar ramin layinmu, ruwa ya kai mini gwiwa, ƙafar keken guragu na Don Evaristo tana kan kafaɗata, sai wayata ta yi ƙara a aljihun riga. Da muka haye muka sauke shi a bakin titi, na ciro na duba. Saƙo ne daga ma'aikatar gari: "Muna taya ka murna. An cike ramin da ka kai kuka a kansa. Tauraro nawa za ka ba mu?"

Na karanta wa Don Evaristo. Ya dubi wandona da ke ɗigar da ruwa, ya ce, "Ba su biyar, Ulpiano. Ai a cike yake. Ba su faɗa maka da me za su cika shi ba."

Don Evaristo maƙwabcina ne. Shekara arba'in yana yi wa unguwar nan aski, yanzu ƙoda ta gaza, sau uku a mako ake kai shi asibiti a wanke masa. Ramin kuwa bututun ruwa ne ya fashe shekara biyu da suka wuce, ƙasa ta zabtare daga wannan katanga zuwa waccan. Tasi ba ta shiga. Don haka Litinin, Laraba da Juma'a mu huɗu muke ɗaga shi da kekensa mu tsallaka, ni da Wilfrido mai gyaran babur da duk wasu biyu da tsautsayi ya fito da su ƙofar gida. Sau ɗaya santsi ya kwashe Wilfrido muka kusa kifar da tsohon, kuma tun ranar ba na iya sunkuyawa in ɗaura takalmi sai na dafa bango.

A da, in kana da kuka, akwai wani ɗaki a ma'aikata da za ka je ka yi wa mutum faɗa. Ba a gyara komai, amma kana dawowa gida da sanyin zuciya. Sai Allah ya ba mu Mai Girma Babban Jagoran Ci Gaban Zamani, ya rufe ɗakin, ya kawo manhaja mai suna Gari A Tafin Hannunka. Ka ɗauki hoton matsalarka, ka tura, ka kwanta. Ranar ƙaddamarwa an yi kiɗa, an raba huluna.

Na sauke ta. Sai da na goge hotunan bikin 'yata kafin ta samu wurin zama a wayar. Na ɗauki hoton ramin, ta ce, "Ba mu ga rami a hoton nan ba." Gaskiyarta, don ramin ya fi hoton girma, ba a ganin bakinsa. Na ja da baya na sake, ta ga ruwa, ta ce wannan tafki ne, in tuntuɓi sashen koguna. Sashen koguna kuma ba su da manhaja, ɗakinsu ne aka rufe tare da namu.

Na kai maganar guruf ɗin unguwa na WhatsApp, inda kowa injiniya ne. Wani ya ce wayata ce ta tsufa. Wani ya ce in kashe in kunna. Wani ya ce irin wayar da nake riƙewa ko kyauta aka ba shi ba zai karɓa ba, sai masu irin tawa suka taso masa, aka kwana uku ana gardamar wane kamfani ya fi. Mutum biyu sun fita daga guruf ɗin, ɗaya ya dawo don ya manta bai ƙarasa zaginsa ba. Ramin bai sake shigowa maganar ba.

Matata Yesenia ce ta warware. Ta ce, "Tsoho, na'urar nan ƙananan ramuka aka koya mata. Hau kan rufi ka ɗauko, zai yi mata daidai." Na hau, na ɗauka, ya fito kamar bakin kofi. Nan take ta karɓa, ta ba ni lamba. Wata bakwai ke nan, sai saƙon ranar Litinin.

Da rana shafin Mai Girma ya saka hoton layinmu. Kwalta baƙa wulik, mai sheƙi. Itatuwan kwakwa jere a gefe, waɗanda ba mu taɓa shukawa ba. An yi wa gidana fenti shuɗi, an ƙara mini taga. A ƙofar gidan ga wani mutum yana ɗaga hannu yana murmushi, yatsunsa shida.

Yesenia ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ya fi ka tsayi."

Na rubuta a ƙasan hoton cewa ni ne mai gidan, kuma ramin yana nan. Cikin minti goma aka sanar da ni cewa ni ɗan adawa ne, maƙaryaci, marar godiya. Wani da ya shekara goma sha biyar a Madrid ya ce ya san layin sarai, an gyara. Na tura masa hoton ƙafata cikin ruwa. Ya ce kwamfuta ce ta haɗa, ya gane daga yatsun.

Talata na sa rigar zuwa coci na tafi ma'aikata. Aka kai ni wurin Mai Daraja Mataimakin Mai Kula da Sauraron Jama'a, mutum mai ladabi, ofishinsa da sanyi har sai da na maɓalle wuyan riga. Ya juyo mini fuskar kwamfutarsa.

"Ka ga nan, Don Ulpiano? Kore ne. Kore yana nufin an gama."

"Ranka ya daɗe, to in sake kai kuka."

"Ba a kai sabon kuka a wurin da aka riga aka gyara sai bayan shekara biyu. Don kare aikin ne."

"Wa ya gyara?"

"Tsarin ne ya rufe shi. Duk kukan da ya yi wata bakwai mai shi bai ƙara cewa komai ba, ana ɗauka ya gamsu."

"Ina ake ƙara cewa komai?"

"Wannan maɓallin yana zuwa a sabon zubi."

Na ce ya zo in nuna masa, tafiyar minti goma ce. Ya yi murmushi ya ce zamanin yawo a rana ya wuce, shi ya sa aka sayo tsarin. Ya raka ni har ƙofa, ya tuna mini ban ba da taurarina ba.

Laraba muka ɗaga Don Evaristo kamar kullum. A tsakiyar ruwa ya ce, a hankali, "In na yi muku nauyi ku faɗa. Zan iya fasa zuwa na Juma'a." Wilfrido dai ya gyara riƙonsa, ya ce masa ya yi shiru, maganarsa tana girgiza keken.

Alhamis da hantsi ina shan kofi a ƙofar gida sai ga babbar mota ta shigo layin da gudu. Muka ɗaga hannu don mu tsayar da shi, direban ya ɗaga mana shi ma. Ta shiga ramin da hanci, gindinta ya tashi sama, kujerun roba suka yi ta zubowa. Direban ya fito ta taga, ko ƙwarzane babu, wayarsa a hannu.

"Taswira ta ce sabuwar kwalta ce," in ji shi.

"Me ka ɗauko?"

"Kayan bikin buɗe layin. Gobe Mai Girma zai yanka ƙyalle."

Ya kira ma'aikata a turo motar da za ta ciro shi. Suka ce ya tura ta manhaja. Ya tura, manhaja ta ce babu rami a wurin, saboda haka babu abin da zai faɗa ciki. Ya zauna a kan ɗaya daga cikin kujerun, Yesenia ta kawo masa wainar masara da ƙwai.

Wilfrido ya zagaya motar sau biyu yana shafa haɓa. A bayanta akwai katakon dandamalin da Mai Girma zai tsaya, masu kauri, da ƙafafun ƙarfe. Ya tambayi direban ko an hana sauke kaya.

"Cewa aka yi in sauke a layin nan," in ji direban. "Kuma ga ni a layin."

Kafin yamma mun kafa dandamali ta gefen katangar gidana, daga wannan baki zuwa wancan. Har da jan kafet, don yana cikin kayan kuma katakon na da santsi.

An yi bikin ranar Juma'a, amma a ma'aikata. Mai Girma ya tsaya gaban babban allo mai hoton layinmu, ya yanka ƙyalle, aka tafa. Mun kalla a waya daga baya. A daidai lokacin ni kaɗai na tura keken Don Evaristo a kan jan kafet, hannu ɗaya ma, ya sa hularsa ta fita, yana ɗaga wa mutanen layi hannu a hankali irin na manya. Da muka isa wurin tasi ya ce in juya mu sake. Muka sake.

Motar tana nan har yanzu, kaji sun fara kwana a ƙarƙashinta. Abin da nake roƙo, mai karatu, in hanya ta biyo da kai ta layinmu, ka hau ka wuce, ka goge ƙafa, amma don Allah kar ka ɗauki hoto. In ya kai shafin Mai Girma za a ce gada ce, kuma gada sai an zo an buɗe ta, da wata motar.