Rasuwar Kwamfuta Mai 'Yanci Tilo a Gaya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Malam Barau Abdulsalam, malamin lissafi a wata sakandare da ke Gaya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda ita kaɗai ce kwamfuta mai 'yanci daga Gaya har Ajingi, kuma wadda da tafiyarta ilimin gabashin Kano ya koma baya da shekara ashirin. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha huɗu a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a Turai kafin a kawo ta gwanjo.

A makon da ya saye ta ya cire mata Windows ɗin da kowa ke amfani da shi, ya ɗora mata Linux, manhajar nan da ake rabawa kyauta, wadda kowa ke da ikon leƙa cikinta ya gyara. A ranar ya miƙe a ɗakin malamai ya sanar cewa nan da shekara biyar duk wata kwamfuta a ƙasar Gaya za ta bi wannan tafarki. Ya ci gaba da sabunta sanarwar duk farkon shekara, bai taɓa rage ko ƙara wa'adin ba.

Mabiya biyu ya samu. Na farko, Malam Muzammil mai koyar da Turanci, ya yi kwana uku ya koma inda ya fito. Na biyun ya amsa ne don Malam ya sake masa hannun riga ya samu jam'in La'asar. An ce ko a faɗin duniya, cikin kwamfutoci ɗari da ke hannun mutane, uku ne ko huɗu ke kan wannan hanya. A Gaya kuwa ƙidayar ba ta taɓa wahalar da malamin lissafi ba. Ɗaya ce.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da ƙana'a. Batirinta ya riga ta gidan gaskiya da shekara tara, amma ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ta ɗauke tare da wuta, ta dawo tare da ita. Filas-filas, 'yan ma'ajiyar kwafar takardu, na kowane shagon buga takardu a garin nan sun shiga jikinta ɗauke da cututtukansu, ko mura ba ta yi ba. Idan an kunna ta takan gaisa da ɗan kiɗan ganga, gajere, na mutunci, sannan fankarta ta kama "fuuu" kamar mai hura koko. Gaskiya ne duk takardar da aka rubuta a cikinta, in an kai bugawa, layukanta kan watse, shafi goma ya koma sha uku. Malam Barau ya sha bayyana cewa laifin ba nata ba ne, na sauran kwamfutocin duniya ne.

A cikinta ne maiɗakinsa, Malama Kulu, wadda ke koyarwa a firamare a Balan, ta rubuta kundin kammala digirinta na ƙarshen mako: babi biyar, aikin shekara biyu. Sau ɗaya ta nemi ta kwafe shi a filas ta ajiye gefe. Malam ya dube ta kamar ta zargi mahaifiyarsa.

"Kulu, wannan ba ta taɓa ɓatar da ko waƙafi ba. Masu tsoro su ke kwafa."

Ta ce, "To, Malam."

Ajali ya zo ta hanyar mutunci. Tukur, ƙanin Malama Kulu da ke zaune a Toranke, ya ari marigayiyar na kwana biyu don cike takardar neman aiki. Kowa ya san yadda ake aro a nan. Wanda ya ari babur ba ya mayarwa sai ya wanke shi ya zuba mai, wadda ta ari tukunya kuma ba ta mayar da ita wayam. Tukur ɗan gidan tarbiyya ne. Ya ga kwamfutar mijin yayarsa babu abin da ke inda aka saba ganinsa, tausayi ya kama shi, ya biya da ita wurin Mudassir mai gyara a bakin kasuwa.

Shaidu sun ce Mudassir ya kunna ta, ya yi salati.

"Wannan ai ko Windows ba ta da shi! Shekara nawa Malam yana fama a haka, bai faɗa wa kowa ba? Kai, mutanen nan da zurfin ciki."

Kafin Azahar ya share ta tas, ya ɗora mata irin na kowa, har da kyautar waƙoƙi.

Tukur ya kawo ta da kansa, ya goge murfin da gefen rigarsa, ya miƙa da hannu biyu. "Yaya Barau, na sa an gyara maka ita. Yanzu ta zama irin ta mutane. Kada ka ce komai, ai yi wa kai ne."

Malam ya buɗe. Babu ganga. Babu babi biyar. Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu yana bayani ba a tambaye shi ba ya daɗe yana kallon gilashin, ga ƙanin matarsa tsaye yana jiran godiya. Ya ce, "Madalla. Allah ya saka da alheri."

Ta yi jinyar kwana tara. Sabon kayan ya fi ƙarfin tsohuwa: sai a kunna ta, a je a yi alwala a dawo, tana nan tana ƙoƙarin tashi, fankar na kuka kamar injin markaɗe. Malam ya yi duk abin da ya sani don ya tono kundin daga ƙarƙashin abin da aka zuba a kansa. Ranar Talata ta ce "ƙas, ƙas, ƙas" sau uku, daga nan ba ta ƙara ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuri huɗu, da jaka marar zik, da faya-fayan Linux arba'in da Malam ya tanada don rabawa ranar da jama'a za su waye. Suna rataye yanzu a gonarsa, suna walƙiya suna korar tsuntsaye daga dawa, kuma wannan ne karo na farko da aka ga sun rinjayi wani taro. Ba ta bar magajiya ba. Malam ya zaga shagunan gwanjo, duk wadda ya taɓa da Windows take zuwa, kamar da shi ake haihuwarsu.

Za a karɓi gaisuwa a gindin dalbejiyar ƙofar makaranta bayan an tashi, har kwana uku. Ana roƙon masu zuwa su bar "ai da ma mun faɗa maka" a gida, an samu wadatarta. Tukur ya yi alkawarin zuwa, ya kuma ce in Malam ya sayi wata, a kira shi.

Mudassir ya nemi a ba shi gawar don ya cire gilashi da madannai, an kuma amince. Sai dai miƙawar za ta jinkirta zuwa ƙarshen wata, ranar da malamin da ke duba kundin Malama Kulu ya ce ita ce ta ƙarshe ta karɓarsa. Ba ta bari Tukur ya ji labarin ɓatan kundin ba. Ta sauko da tsofaffin littattafanta daga kan sif, ta sayo dogayen takardu da biro biyu. Gidan babu teburin rubutu, don haka duk yamma, in ta dawo daga Balan ta sauke tukunya, takan zauna a tabarma, ta ɗora marigayiyar a cinya a rufe, ta shimfiɗa takarda a kan murfin. Jiya Malam ya wuce ta bayanta ya leƙa. Tana shafi na shida a babi na ɗaya.