Shari'ar da Tanimu Ya Yi Mini

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a elementaren Tsohon Birnin Gwari ba, shekarata ta farko a koyarwa. Yaƙin duniya bai daɗe da ƙarewa ba, na karanta a jarida cewa ƙasashe sun haɗu sun kafa kotu, suna tuhumar manyan Jamus da kashe bayin Allah ba adadi. Abin ya burge ni, na ɗauko shi sukutum na kai wa 'yan aji huɗu, samari ne har da masu tsiron gemu.

Na cika musu kunne cewa yanzu duniya ta waye, duk girman mutum sai ya amsa laifinsa, kuma cewa umarni aka ba shi ba ta fisshe shi. Don iyayi (a lokacin ina ji da kaina kamar ni na kafa kotun), na ce mu gwada. Na ɗora Tanimu, wani shiru-shiru ɗan garin Kazage, a kan kujerata ya zama alƙali. Ni kuwa na tuɓe takalma na zauna a ƙasa, ina ta zuba masa Allah gafarta malam, yara na dariya. Na ce ya tuhume ni da duk abin da ya ga dama, ina zaton zai kawo maganar bulala.

Sai ya ce, "Malam, lokacin da aka kwashi mutanen garinmu aka kai su haƙar kuza dole, wa ya rubuta sunayensu?"

Ni ne. Kafin koyarwa ɗan malamin rubutu nake, ana yawo da ni ƙauyuka. Ban san mahaifin Tanimu na cikin waɗanda suka tafi ba su dawo ba, sai da na ga yadda ajin ya yi tsit. Kafin in ankara bakina ya ce ai umarni aka ba ni. Wallahi da ƙasar ta tsage da na shige.

Tanimu bai yanke mini hukunci ba. Ya tambaye ni a hankali, "Da ka rubuta sunan babana, ya bar wani saƙo?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Gaskiyar ita ce ranar da na rubuta sunayen a Kazage ban ko ɗaga kai na dubi fuskar kowa ba, ina kula kada tawada ta ɗiga. Haka na faɗa masa. Ya sauka daga kujerar, ya ɗauko takalmana ya ajiye a gabana.

Na tsufa yanzu, kuma ba ɗalibin da nake kewa kamarsa. Bayan ya gama makaranta ya tafi neman kabarin mahaifinsa, ban ƙara jin duriyarsa ba. Na dai koyi cewa laifin mutanen nesa ya fi daɗin koyarwa. Da zan sami rana ɗaya ta dawo, waccan ta Kazage zan zaɓa, in ɗaga kai.