Rasuwar Kwaɗon Katako na Ɗakin Baje Koli

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Bronte Kavanagh, ɗalibar shekarar ƙarshe a sashen ƙirar kayayyaki, take sanar da rasuwar Kwaɗo, abin wasan da suka ƙera ita da abokin aikinta Tevita Fonua. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, a birnin Wollongong, yana da mako goma sha ɗaya a duniya.

Marigayin tabarma ce mai faranti takwas, da kwaɗon katako zaune a gefe. Farantin da fitilarsa ta kama, shi ake takawa. In ka dace, ya yi tsalle ya ce "ƙwarr"; in ka kuskure, ya yi "tit-tit" a hankali, kamar ba ya son ya ba ka kunya. Bai taɓa bambanta yaro da babba ba. Har mai sharar sashen takan jingine tsintsiya ta taka shi sau biyu kafin ta wuce.

Ciwon ajalinsa a wayoyin lantarki ya fara. Tevita ya ƙera ƙwaƙwalwar, ya bar wa Bronte haɗin wayoyi, ya ce lallai ta kama su da dalma. Sau uku yana tuna mata. Ta ce ta yi. Gaskiyar magana, salatif ta naɗa musu, ta ƙarar da kwanakin a fentin idanun kwaɗon, don ya fito a hoto.

Ranar baje koli, gaban malamai uku masu ba da maki, kakar Tevita ce ta fara hawa, da rigarta ta zuwa coci. Taku biyu ta yi. Marigayin ya ce "ƙw…", fitilu suka mutu. Tsohuwar ta sauka tana ba da haƙuri, wai ko nauyinta ne. Da babbar malamar ta tambayi wa ya haɗa wayoyin, Bronte ta dubi ƙasa ta ce, "Ɓangaren lantarki na Tevita ne." Shi kuwa bai musa ba. Ya kama hannun kakarsa suka fita.

Kwaɗo ya rasu ya bar batura huɗu da ransu, da fenti mai kyau, da rahoto shafi talatin, da kuma wasiƙar da Bronte ta kai wa malamar washegari, inda ta bayyana wadda ta naɗa salatif ɗin. An gyara makin Tevita. Har yanzu bai amsa kiran Bronte ba.

Za a kwance gawar ranar Asabar da ƙarfe biyu, a ɗakin aikin katako na bayan sashen. Za a gasa tsiran nama da albasa bayan nan. Masu ta'aziyya su nufi gidan su Fonua, don can aka yi rashin. Ba za a cire ko ƙusa ɗaya ba sai Tevita ya iso, kuma za a jira shi har a rufe ɗakin.